Komai Nisan Jifa

Abu uku ne ke saukar da matuƙin jirgin sama daga kujerarsa: likita, shekaru, da rushewar kamfani. Babu ɗayansu da ke neman shawararka. Ana iya sallamarka kana ganiyar ƙwarewa, ba ka taɓa ko ƙwarzane fiffike ba. Mu da muka koyi tuƙi a Zariya wajen ƙarshen shekarun 1970, an koya mana abin yi idan inji ya mutu a sama, ko wuta ta kama, ko taya ta ƙi fitowa. Abin da mutum zai yi da rayuwarsa ranar da lasisi ya bar hannunsa ne kaɗai ba ya cikin darasi.

Makarantar tana nan kan hanyar Samaru. An kafa ta a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, kuma ɗalibai na zuwa har daga wasu ƙasashen Afirka. A wancan zamani yaron da ya samu shiga, garinsu duka ne ya shiga. Da na je gida hutu da farar riga da igiya a kafaɗa, har tsofaffin da ba su taɓa kula ni ba sai da suka zo gani. Kawuna ne kawai bai ruɗu ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Kada ka bari a sayar da gonar ubanka." Inna ta yi wuf ta ce, "Haba Yaya, mai tuƙin jirgi ake yi wa wannan karin magana?" Aka yi dariya, aka wuce wurin.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne ƙuncin sana'ar. Direban mota idan ya iya, ya iya. Yau ya ja tirela, gobe ya ja bas. Mu kuwa kowane samfurin jirgi da horonsa da jarrabawarsa da hatiminsa a lasisi. Duk wata shida sai ka shiga na'urar kwaikwayon jirgi, mai jarrabawa yana bayanka yana kashe maka inji, yana turo maka hadari, yana kallon yadda za ka yi. A lokacinmu sai an fita da kai Ingila ko Amurka, da kuɗin waje, kuma kamfani ke biya. Ranar da ba ka da kamfani, ko ka biya daga aljihunka ko hatimin ya mutu. Ilmin da ka shekara ashirin kana tarawa yana nan a kanka, amma doka ba ta san da shi ba.

Na ga haka da idona a 2002. Jirgin da nake tuƙawa a lokacin shi ne BAC 1-11, ƙirar Ingila, mai inji biyu a bayansa da ƙara kamar ya tsaga kunne. Kamfanonin 'yan kasuwa na Najeriya sun cika da shi a shekarun 1990, domin Turai ta fara korarsa saboda ƙarar, ana samunsa da araha. Ranar 4 ga Mayu na shekarar, irinsa ya faɗo kan gidaje a unguwar Gwammaja jim kaɗan da tashinsa daga Kano. Mutum fiye da ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Allah Ya jiƙan musulmin da suka riga mu, Ya ba kowa haƙuri. Ba a jima ba gwamnati ta hana wannan samfurin ɗaukar fasinja, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga tsufan jiragen da za a shigo da su. Ba mai hankalin da zai ce ba a yi daidai ba. Amma an wayi gari matuƙa masu yawa, kyaftin-kyaftin masu igiya huɗu, suna riƙe da hatimin jirgin da ba zai sake tashi ba.

Guguwar ba ta tsaya nan ba. A 2003 Nigeria Airways ya tsaya, kamfanin da dukanmu muka taso muna ganin ba ya mutuwa. Har 2018 ana ta maganar sauran haƙƙin ma'aikatansa, shekarar da gwamnati ta amince ta saki naira biliyan 22 da ɗoriya, alhali da yawansu sun riga sun kwanta dama. A 2007 kuma aka ce kowane kamfani ya nuna jarin naira miliyan 500 in zirga-zirgar cikin gida yake yi, biliyan 1 in yana zagaya Afirka, biliyan 2 in yana ƙetare teku. Waɗanda suka gaza aka rufe su. Duk kamfanin da ya faɗi, akwai magidanta a ƙarƙashinsa.

Ni na yi sa'a na samu horo a Boeing 737 na koma aiki. Likita ne ya saukar da ni bayan wasu shekaru. Idan ka haura arba'in, a zamaninmu duk wata shida kake zuwa awo: ido, kunne, zuciya, jini, fitsari. Babu matuƙin da ba ya fargabar wannan rana, ko da yana jin kansa garau. Likitan ya daɗe yana duba takarda, sannan ya ce, "Kyaftin, gyara zama tukuna." Ciwon suga ne, kuma ya kai matakin da sai da allura. A lokacin wanda ke yin allurar insulin ba ya tuƙa fasinja. Ingila da Amurka sun sassauta daga baya bisa sharuɗɗa, amma ni tawa ta riga ta ƙare. Da ma ko lafiya lau kake akwai ranar sauka: da shekara 60 ce iyaka, a 2006 aka ɗaga zuwa 65. Mutumin da ya sauka yana da shekara hamsin da 'yan kai, da 'ya'ya a jami'a, ba hutu ne a gabansa ba.

To ina matuƙa ke nufa idan sun sauko? Kaɗan sukan tsaya kusa da gida: koyarwa a aji, aiki a hukumar kula da jirage, binciken haɗurra. Kujerun nan ba su da yawa. Sauran dole su fita filin Allah.

Waɗanda duniya ta fi sani su ne 'yan siyasa. Rajiv Gandhi matuƙi ne a Indian Airlines, yana zaman lafiyarsa nesa da siyasar gidansu, sai ƙaninsa Sanjay ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgi a 1980. Aka jawo shi majalisa a 1981, ya zama firaministan Indiya a 1984 bayan kashe mahaifiyarsa. Mu ma muna da namu. Kyaftin Idris Wada ya yi gwamnan Kogi daga 2012 zuwa 2016. Hadi Sirika ya je majalisar wakilai a 2003, ya je ta dattawa a 2011, kafin ya dawo kan harkar jirage a matsayin minista. Amma waɗannan labarin jarida ne. Abokaina na ƙwarai, waɗanda muka sha shayi tare a ɗakin jiran ma'aikata hazo ya tsare mu, hanyoyinsu daban ne. Wani ya sayi tankoki biyu ya shiga dakon mai daga Legas. Wani ya buɗe ofishin Hajji da Umara, shi ya fi kowa dacewa, don ya san yadda ake cinikin kujeru da kamfanoni. Wani ɗan Gombe ya koma koyar da lissafi da kimiyya a sakandare, albashinsa bai kai kuɗin abincin da ake ba shi da can in ya kwana waje ba, amma ban ga wanda ya kai shi kwanciyar hankali ba. Wani ya zama mai kula da kiyaye haɗari a wata masana'anta. Wasu suka shiga canji a Wapa. Wasu kuma, Allah Ya kyauta, suka zauna jiran kiran da bai zo ba, kullum da safe suna goge takalmi.

Na lura da abu guda a kan waɗanda kuɗin sallamarsu ya narke. Ba wawaye ba ne; wasunsu sun fi mu duka kaifin ƙwaƙwalwa. Sai dai matuƙi mutum ne da aka saba yi wa komai. Mota ta ɗauko shi daga gida. Kafin ya iso injiniya ya duba jirgi ya sa hannu, wani ya lissafa nauyin kaya, wani ya zuba mai, wani ya ajiye masa rahoton yanayi. Kowa a cikinsu yana da lasisin da zai rasa in ya yi ƙarya. Ka shekara ashirin a cikin irin wannan duniya, sai ka ɗauka duk wanda ya ce "an yi" to an yi. Ka fito kasuwa da wannan zuciyar, ka damƙa wa ɗan'uwa jari ka koma gida kana jiran rahoto. Rahoton da zai zo ba daɗi.

Ni noma na koma. Gonar gado tana nan ana yin gero da dawa da damina, amma abin da ya riƙe gidana shi ne filin da na kama haya a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ke bi ta magudanai ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da damina, tumatir ko alkama da rani. Ranar da na fara zuwa ban san bambancin takin kamfa da yuriya ba. Wani dattijo da aka haɗa ni da shi, wanda tun yana yaro yake cikin fadama, shi ya zama malamina, duk da ni nake biyansa.

Iya riƙe sitiyarin jirgi bai tsinana min komai a gona ba. Abin da ya bi ni daga sama ɗabi'u ne, guda huɗu.

Ta farko, jerin dubawa. Asalinsa tun 1935 ne, lokacin da wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi a gwaji a jihar Ohayo ta Amurka, hannun ƙwararren matuƙi, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe jelar jirgin ba. Daga nan aka gane cewa ƙwarewa ba ta hana mantuwa, aka fara rubuta abubuwan da dole a duba, ɗaya na karantawa ɗaya na amsawa. Na rubuta irinsa na liƙa a jikin injin ban ruwa: baƙin mai, ruwan sanyaya inji, matatar iska, bakin tiyo. Dattijon ya karkata hula ya ce, "Kyaftin, mu da muka gaji abin nan, yau kuma da takarda za mu yi shi?" Na ce, "Baba, ba don kai ba ne, don ranar da ba ka nan ne." Da aka yi rani biyu injinmu bai buga ba alhali na maƙwabta na ta zuwa wurin bakanike, shi da kansa ya sa aka rubuta wani don ɗakin ajiyar taki da magani.

Ta biyu, man ajiya. Doka ba ta barin jirgi ya tashi da man da zai kai shi inda za shi kawai. Sai ya ɗauki na zuwa wani filin daban idan wancan ya rufe, da ƙarin na shawagin minti 30 wanda ba a taɓawa sai an shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Duk wanda ya taɓa isowa Kano a watan Janairu ya tarar hazo ya rufe gari, ya juya Kaduna ko Abuja, ya san darajar wannan mai. Haka na raba kuɗina: na noman bana, na sake shuka idan bana ta ƙi, da wanda ko kusa da gona ba ya zuwa. Manoma da yawa da na sani ba rashin iya noma ne ke karya su ba. Komai nasu ne ke cikin ƙasa a lokaci guda.

Ta uku ita ce ta fi wuya: yanke shawarar fasawa tun kafin zuciya ta yi zafi. Idan kana saukowa da na'ura cikin hazo, akwai tsayin da aka ƙayyade, galibi ƙafa 200 daga ƙasa. Ka kai nan ba ka ga titi ba, ka ba inji wuta ka koma sama, babu "bari in ƙara leƙawa". Tun kana can sama hankalinka kwance kuka faɗi lambar kai da mataimakinka, don kun san in an zo wurin rai zai yi ta raya muku cewa saura ƙiris. A 2016 wata tsutsa ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ta bar gonaki kamar an yi gobara, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Tsadar ce ta ruɗi mutane: kowa na ganin in ya tsirar da ko rabin gonarsa ya yi arziki, sai aka yi ta cin bashi ana sayen maganin feshin da tsutsar ba ta ji. Ni tun farkon rani na rubuta iyakar abin da zan kashe a feshi. Da muka kai, dattijon ya zagaya fangali-fangali yana buɗa ganye, ya dawo ya girgiza kai. Muka tumɓuke, muka ƙone, muka fara gyaran ƙasa don shinkafa. An yi asara, amma irin wadda ake tashi bayanta.

Ta huɗu, sauraron na ƙasa da kai. Haɗarin da ya fi kowane muni a tarihin jiragen sama a ƙasa ya faru, a tsibirin Tenerife, ranar 27 ga Maris 1977, inda manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin da ya taso ba tare da cikakken izini ba shi ne shugaban masu horarwa a kamfaninsu. Injiniyan da ke bayansa ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, amma babba ya riga ya yanke. Bayan wannan ne aka shigo da horon da ke tilasta wa kyaftin ya nemi ra'ayin mataimakinsa, a kuma koya wa ƙarami ya yi magana da ƙarfi. A wurinmu, inda yaro ba ya ɗaga ido ya gyara wa babba, darasin ya fi nauyi. Sai da na yi ta nanata wa yaran gona cewa wanda ya kawo min mummunan labari da wuri ba zai ga ɓacin raina ba. Ranar da wani matashi mai ban ruwa ya tare ni ya ce, "Baba, ruwan nan fa ba ya kai wa ƙarshen fangali, yadda ka ce a ja shi ba zai yi ba," na san an fara samun abin da nake so.

Ba manoma kaɗai ke amfana da waɗannan ɗabi'u ba. A Ingila akwai matuƙi Martin Bromiley, wanda matarsa ta rasu a 2005 a wata ƙaramar tiyata, bayan likitoci sun duƙufa kan hanya ɗaya ta sa mata bututun numfashi har lokaci ya ƙure, ma'aikatan jinya kuwa sun ga mafita amma maganarsu ba ta shiga ba. Bai nemi a kori kowa ba. Ya kafa ƙungiyar da ke koya wa asibitoci darasin da jirage suka koya da jini. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin dubawa mai abu 19 don ɗakin tiyata. Wannan fage ne da tsohon matuƙi zai ci abinci a cikinsa, ya kuma yi amfani: asibiti, kamfanin mai, masana'anta, kamfanin motocin haya. Ko Chesley Sullenberger, wanda ya sauke jirgi a kogin Hudson a Janairun 2009 mutum 155 suka tsira, ya riga ya buɗe kamfanin ba da shawara kan kiyaye haɗari tun kafin ranar, kuma ya shaida wa majalisar Amurka cewa an zaftare albashinsa da kashi 40 cikin ɗari. In mai wannan suna ya tanadi sana'a ta biyu, wa ya fi ƙarfinta?

Wani abin da ya zo min a sauƙaƙe shi ne yanayi. Hukumar NiMet da ke ba mu rahoton iska da gajimare kafin tashi, ita ce dai ke fitar da hasashen damina kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Maƙwabtana suna duban gabas, ni ina duban gabas ina kuma duban takarda, mu haɗa biyun.

Inda sama ba ta shirya ni ba shi ne ciniki. A rediyon jirgi magana ɗaya ce: hasumiya ta faɗi lamba, ka maimaita, shi ke nan. A kasuwar shanshera kuwa "gobe" tana da faɗi, "Allah Ya sa albarka" ma ba lallai ciniki ya faɗa ba. Dillali zai rantse maka, ya rantse wa mai saye, kuma duka biyun bai ɗauka ya yi ƙarya ba. Uwargida ce ta cece ni a nan. Duk shekarun da nake yawo a sama tana gida tana sayar da atamfa da kayan ɗaki, ta san wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi kawai. Ta ce, "Alhaji, ka riƙe gonarka, littafin bashi ka bar min." Na bar mata, har yau.

Sai kuma girman kai, wanda ba a faɗa. Mutumin da ya saba in ya ratsa filin jirgi ana buɗe masa hanya, yanzu ga shi a layin sayen taki, laka har gwiwa. Wasu abokaina wannan ne ya hana su kama komai. Duk sana'ar da aka kawo sai su ga ba ta kai su ba. Kewa kuwa tana nan. Har gobe in na ji jirgi ya karkato zai sauka Kano nakan san samfurinsa daga ƙara, kuma hannuna kan so ya yi wani abu.

A 2020, da annobar korona ta tsayar da jiragen duniya, na ga abin da ya same mu ya sami kowa a lokaci guda. A Ostireliya matuƙan manyan jirage suka koma jan bas da injin girbin alkama. A Malesiya wani kyaftin ya kafa rumfar sayar da taliya, yana zuba wa mutane sanye da farar rigarsa. Mutane na ta mamaki, ni kuwa na ga 'yan'uwa.

Yanzu iyaye kan kawo min 'ya'yansu masu son tuƙi in ba su shawara. Ba na hana kowa; sana'a ce mai daɗi da daraja, kuma ita ta yi min tarbiyyar da nake ci da ita yau. Amma nakan faɗa musu gaskiya: kuɗin horon miliyoyi ne masu yawa, yaro zai fito da awa 200 ko kusa da haka, kamfanoni kuwa masu gogewa suke nema, babban lasisi ma sai da awa 1,500. Akwai masu lasisi da ke zaune gida shekara da shekaru. Don haka nakan ce ya fara yin digiri ko ya koyi wata sana'a ta hannu, kuma in ya samu aiki kada ya saki waccan, ya riƙa juya ta ko da kaɗan-kaɗan tun albashi na shigowa. Sannan in tambayi yaron kansa: "Idan likita ya ce maka gyara zama kana da shekara arba'in da biyar, me za ka yi washegari?" Wanda ya ba ni amsa, nakan sa masa albarka. Wanda ya yi shiru, nakan ce ya je ya nemo ta kafin a biya kuɗin makaranta.